Kwazazzaban Exmoor, Inda Ake Sayen Tsuntsu Da Nisansa

Exmoor yanki ne na tuddai da kwazazzabai a kudu maso yammacin Ingila, mafi yawansa a cikin Somerset, ragowar kuma a Devon. Tun 1954 aka keɓe shi a matsayin gandun ƙasa. Lokacin zafi masu yawon buɗe ido ne ke cika shi, suna zuwa kallon barewa da wasu gajerun dawakai masu kaurin gashi da ke kiwo ba makiyayi, da tsohuwar gadar duwatsu ta Tarr Steps a kan kogin Barle. Da sanyi ya kankama sai baƙin su canza. Daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu doka ta halatta harbin tsuntsun da ake kira fezant, sai hanyoyi su cika da manyan motocin shiga daji ɗauke da bindigogi da karnuka. Wasu jirgi mai saukar ungulu ke sauke su, wasu tun daga Amurka suke tasowa. Zurfin kwazazzaban ne ya kawo su. Idan aka taso tsuntsu daga ƙolin wannan tudu ya nufi wancan, maharbin da ke tsaye a ƙasan kwari zai gan shi can ƙololuwa, kuma wannan nisan shi ne hajar da ake sayarwa.

Wani abokin aikina a Bristol ɗan yankin ne, mahaifinsa kuma ya tsufa yana aikin kora, wato taso tsuntsaye zuwa wajen maharba, a wani gandun farauta kusa da Dulverton. Shi ya nema mini izini na bi su a watan Disamba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Taunton, daga nan dattijon ya ɗauke ni a wata tsohuwar mota mai warin jiƙaƙƙen kare. Tun a hanya na fara ce masa Baba, bai hana ba.

Da muka bar babban titi muka faɗa wasu siraran hanyoyi masu shingen itatuwa dama da hagu, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta koma da baya. A nan na fara ganin tsuntsayen. Jikinsu ya kai na zabo. Namijin kyakkyawa ne na gaske: jan fuska, koren wuya mai sheƙi da farin zobe, da wutsiya doguwa, macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ado. Suna yawo a tsakiyar kwalta ko a jikinsu, sai Baba ya taka birki ya yi musu hon. Waɗanda motoci suka riga suka bi ta kansu ba su ƙirguwa. Na ce masa waɗannan ai ba su san tsoro ba. Ya ce ina za su sani, tun suna 'yan tsaki hannun mutum ke ba su abinci.

Asalin fezant daga Asiya yake, kuma kusan duk wanda ake harbi a Birtaniya yau kiwonsa aka yi. Ana ƙyanƙyashe su a inji, da yawa ma daga yammacin Faransa ake shigo da ƙwan ko 'yan tsakin, shi ya sa murar tsuntsayen da ta ɓarke can a 2022 ta durƙusar da gandaye da dama a Ingila. In sun kai mako 6 ko 7, wajen Yuli zuwa Agusta, sai a zuba su cikin wani babban keji marar rufi a tsakiyar kurmi, a riƙa ba su alkama har su saba da wurin su fara fita da kansu. A kan tuddai kuma a shuka musu masara da wani ganye dangin kabeji. Can ake jan su da abinci kowace safiya, don ranar farauta in an kore su su nufi gida, su tsallake kwarin ta saman bindigogi. Wani ƙiyasi na cibiyar bincike ta GWCT ya nuna a 2016 kaɗai an saki fezant wajen miliyan 47 a Birtaniya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke faɗawa hannun maharba. Sauran rabon yanyawa ne da mota da cuta.

Washegari da sassafe muka taru a wani rumbun gona, mu 'yan kora, maza da mata da 'yan makaranta, kowa da sandarsa da takalmin roba. Ladan yini fam 40 ne da abincin rana. Maharban su takwas ne, su kuma a ƙofar babban gida suka taru, sanye da kaya masu kauri ruwan ganye, har da laktaye, wai girmama tsuntsun ne. Aka miƙa musu ƙuri'a kowa ya zari lambar turken da zai tsaya, kuma bayan kowane zagaye sai a matsa gaba da lamba biyu don kada mutum ɗaya ya yi ta cin tsakiya. Mai masaukinsu ya karanta musu ƙa'ida: ba a harbi sai an busa ƙaho, ba a harbin abin da ke ƙasa, ba a ɗaga bindiga kan tsuntsu sai an ga sarari kewaye da shi, ba a yi wa maƙwabci shigar sauri kan tsuntsun da ya nufo turkensa. Ranar Asabar ce. Dokar 1831 ta hana irin wannan farauta ran Lahadi da ranar Kirsimeti a Ingila.

Zagayen farko da 'yan kora na yi shi, kuma ɗan kora ba ya ganin komai. Mun jeru a cikin masarar da ta bushe, muna takawa a hankali muna ƙwanƙwasa sanda, shugaban masu kula da gandun yana ba da umarni ta rediyon hannu. Gwanintarsa ita ce kada tsuntsayen su tashi gaba ɗaya; so yake su riƙa fita uku-uku, biyar-biyar, don harbin ya daɗe. A gefe akwai masu kaɗa tuta da aka yanka daga buhun taki, aikinsu su firgita duk wanda ya so ya karkace, ya ƙara sama. Sai ka ji fuka-fuki sun ɓarke a gabanka, namijin ya yi wani kuka mai kaushi, ya wuce bakin tudun ya ɓace. Can ƙasa kuma ƙarar bindiga ba ƙaƙƙautawa.

A zagaye na biyu Baba ya haɗa ni da wata dattijuwa mai baƙaƙen karnuka huɗu, irin waɗanda aka horar su ɗauko tsuntsu ba tare da haƙori ya taɓa namansa ba. Ita da ire-irenta can bayan maharba suke tsayawa, wani lokaci da tazarar gona biyu ko uku. Daga wurinta na ga abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Tsuntsayen suna fitowa ta kan itatuwan ƙolin tudu, sun daina kaɗa fiffike, sun miƙe suna zamewa da iska a bayansu. In ka ɗora hasumiyar Gobarau uku kan juna, to wajen nan suke, mita 45 zuwa 50, wasu sun fi. Ba ka ganin zoben wuya, ba ka ganin launi, sai ɗan baƙin gicciye mai wutsiya. Maharbi ya ɗaga bindiga mai baki biyu har ya gantsare, ya wuce da bakinta gaban tsuntsun da taku da yawa, ya saki bakin farko, ya saki na biyu, mai yi masa ɗuri ya miƙo wata. Yawanci tsuntsun ya wuce abinsa. Jefi-jefi sai ka ga kai ya koma baya, fuka-fuki sun naɗe, ya daɗe yana faɗowa kafin ya bugi ƙasa, tim. Ba zan ɓoye ba, in gwani ya yi wannan abin kallo ne, ni kaina sai da na ce kai!

Dattijuwar ba waɗanda suka faɗo take kallo ba. Idonta na kan waɗanda suka wuce. Ta taɓa ni ta ce, "Dubi waccan macen. Ka ga ta ɗan girgiza? Ka ga ƙafa ɗaya ta sauko? An same ta a baya." Ni ban ga komai ba sai da ta nuna. Tsuntsuwar ta ci gaba da tafiya, ta tsallake shinge biyu, ta gangara cikin wani kurmi a bakin rafi. Matar ta fito da ɗan littafi ta yi alama. Kafin a busa ƙahon tashi ta yi irin wannan alama ta cika rabin shafi.

Muka gangara. Ta tura kare ɗaya, sauran suka zauna suna rawar jiki. Ya shiga ƙaya ya daɗe, sannan ya fito da ita a baki, da ranta, kanta a miƙe, idonta yana ƙiftawa. Matar ta karɓe ta, ta zaro wani ɗan kulki mai kan tagulla daga aljihu, ta buga mata sau biyu a ƙeya. Ta juya ta ta hura gashin cikin ta nuna mini: huda biyu ƙanana kusa da cinya, ko jini sosai babu. Ta ce da ba a same ta ba za ta iya kwana biyu ko uku a haka, in yanyawa bai riga ya taimake ta ba. Na tambaye ta ko duk waɗanda ta rubuta za ta samo su. Ta ce gobe da safe za ta dawo da karnukan ta sake bin rafin, ba wanda ke biyanta kuɗin wannan.

Dalilin abin a cikin harsashin yake. Bindigar tsuntsu ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba, tarin 'ya'yan dalma ne. Harsashin da kakannin maharban nan suka saba da shi giram 28 ne ko 30 na lamba 6, wajen ƙwaya 270 a giram 28. Da sun bar bakin bindiga sai su fara bajewa suna rasa ƙarfi, shi ya sa tun da daɗewa maharban Ingila suka ɗauki yadi 40, wato wajen mita 36, a matsayin iyakar da mutum zai sa ran kisa nan take. Masu son tsuntsun ƙololuwa sai suka koma dogayen bindigogi masu matsattsen baki, da harsashi giram 36 ko fiye na lamba 4, wadda ƙwayarta ta fi ta lamba 6 girma. Babbar ƙwaya ta fi kai ƙarfinta nesa, amma lamba 4 wajen 170 ce kawai a giram 28, don haka a can sama giɓi ya yi yawa tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Tsuntsu zai iya ratsa tsakiyar harbin da aka auna daidai, ƙwaya ɗaya ko biyu su same shi a hanji, babu wadda ta taɓa kai ko wuya. Ga shi daga ƙasa ake harbinsa, ƙashin ƙirji da tsoka sun kare zuciya. Ko gwanin gwanaye, in an wuce wani nisa, sa'a yake nema.

Wani mai ɗuri, wanda koyar da harbi ne sana'arsa, ya gaya mini a hutun hantsi cewa cikin mutum takwas ɗin nan biyu ne kawai hannunsu ya kai wannan kwarin. Suna can suna shan barasa da tsiren alade, mu muna gefe da shayi. Ya nuna mini wani saurayi riƙe da ɗan abin ƙirga a tafin hannu, yana dannawa duk lokacin da bindiga ta tashi. A farauta ta yau da kullum, in ji shi, harsashi uku ke kawo tsuntsu ɗaya. A nan sai a kashe bakwai ko takwas. Kuɗin kuma da kan tsuntsu ake yanka shi, fam 50 ko fiye, ga haraji. Ranar tsuntsu 300 ta haura fam 15,000 ke nan, mutum takwas su raba. To in baƙi sun yi ta ɓarin wuta ba su cika adadin ba fa? Nan ne amfanin mai ƙirga: za a nuna musu cewa an kawo musu tsuntsaye, hannunsu ne ya gaza, kuɗi kuwa sai sun cika. Ma'ana gandun ba ya asara in an yi kuskure, maharbi ya koma gida da labarin irin nisan da ya gwada, wanda ya ɗauki ƙwaya biyu a ciki ya sauka a bakin rafi ba ya cikin lissafin kowa.

Hujjar masu harbin nesa ba ta banza ba ce, na kuma saurare ta da kyau. Tsuntsun da ya zo ƙasa-ƙasa haɗari ne, domin 'yan kora na gaba, masu karnuka na baya. Wanda aka harba a kusa kuma namansa dagargajewa yake, ba ya ciwuwa. Sannan akwai tarihi da suke jin kunyarsa. Bayan an samu bindigar da ake ɗurawa ta baya a tsakiyar ƙarni na 19, manyan Ingila sun mayar da abin gasar yawa. A watan Disamba na 1913, a gandun Hall Barn, an kashe fezant 3,937 a yini guda, Sarki George na Biyar yana cikin maharban, har an ruwaito shi da kansa ya ce wa ɗansa da alama sun wuce gona da iri. Don haka da aka koma cewa a daina alfahari da yawa, a yi alfahari da wuya, ci gaba ne a ganinsu: a ba tsuntsu dama ya tsira. Ga kuma abin da ba a musu, kuɗin nan ne ke riƙe da otal-otal da shagunan Dulverton a watannin da ba baƙo, shi ke sa mai gona ya bar kurmi bai sare ba.

Inda na rabu da su shi ne wannan dama da ake cewa an ba tsuntsu. Da harbin nesa kisa ne ko kuskure kawai, da magana ta ƙare. Amma akwai na uku a tsakani, kuma shi ne ke ƙaruwa da kowane yadi da aka ƙara. Tsakanin tsuntsun da ya yi ƙasa har ya zama haɗari da wanda ya fi ƙarfin dalma akwai fili mai faɗi, yadi 25 zuwa 40, inda harbi ke da wuya kuma yake kashewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin maharba irin su BASC suka sa wa hannu ta ce kada mutum ya harbi abin da ya wuce iyawarsa. Sai dai ba alƙali a turke, kuma mutumin da ya biya kusan fam 2,000 ba ya son ya tsaya yana kallo. Na ga ɗaya da ya yi hakan. Wani tsoho ne mai bindigar gado, a zagaye na uku ya bar tsuntsaye sun fi ashirin sun wuce ta kansa bai ko motsa ba, har ya ɗaga wa wani hula. Waɗanda ya zaɓa kuwa kusan duk a gabansa suka faɗo matattu. Dattijuwar ta ce in shi ne a gabanta karnukanta hutu suke yi.

Da daddare na kira kawuna a waya. Maharbi ne a wani ƙauye kusa da fadamar Hadejiya, ya ci zabin daji da fakara da dinya da kirinjijiya da bindigar toka tun ban san kaina ba. Na kwashe labari na ba shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Su suka ƙyanƙyashe su, su suke ba su hatsi?" Na ce e, Kawu. Ya ce, "To me ya hana su kama su yanka?" Da na gaya masa harsashi takwas ake kashewa kan guda, sai ya yi salati. Shi a wurinsa maharbi shi ne wanda zai ja ciki cikin laka tun asuba, ya bi iska, ya matso har ya ga idon tsuntsu, ya yi bisimilla ya saki ɗuri ɗaya, don albarushi da kuɗi ake saye kuma in ya kuskure sai gobe. Abin da Bature ke gani abin kunya ne, wato harbin tsuntsu a zaune, shi ne ƙarshen gwaninta a wurin Kawu, domin wahalar a jikinsa take ƙarewa.

Ba ina cewa namu duka tsarkaka ba ne. Mun san farautar gayya da ake cinna wa daji wuta, mun san masu barbaɗa guba a hatsi a bakin ruwa. Amma mizanin da aka karantar da mu a zaure yana nan. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Kuma Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun kafa tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Tsuntsayen Exmoor ba a ɗaure suke ba, kuma ana cin waɗanda aka tsinto, don haka ba zan ce hukuncin ɗaya ne ba. Amma wanda ya san hannunsa bai kai ba, ya ɗaga bindiga don dai ya gani ko za a dace, ya matso kusa da samarin nan fiye da yadda laktayensa zai so.

An tashi wajen ƙarfe uku da rabi, don a Disamba kafin huɗu da rabi duhu ya rufa. An rataye tsuntsayen biyu-biyu, mace da namiji, a bayan wata mota mai sanduna, aka kai su ɗakin sanyi. Kowane maharbi ya karɓi guda biyu da aka riga aka fige, ya damƙa wa shugaban masu kula da gandun 'yan takardun kuɗi a cikin musabaha. Sauran ɗaruruwan dillalin nama ne zai zo ya kwasa, kuma Baba ya ce abin da yake biya kan tsuntsun da aka harbe a fam 50 bai kai kuɗin kofin shayi ba, wasu shekarun ma kyauta ake roƙonsa ya ɗauka. An miƙo mini nawa biyun na yi godiya na bar wa Baba, tunda a mazhabarmu sharaɗi ne maharbin ya zama Musulmi.

Abin da ya fi damun masu gandun yanzu dalma ce. Tun 1999 aka hana harbin agwagin ruwa da ita a Ingila, saboda tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyin su mutu. A Fabrairun 2020 ƙungiyoyin maharba da kansu suka yi alkawarin barin ta cikin shekara biyar, alkawarin bai cika ba, sai a Yulin 2025 gwamnati ta sanar za ta haramta ta da doka bayan wa'adin shekara uku. Ƙwayar ƙarfe da za ta maye gurbinta ba ta kai dalma nauyi ba, tana saurin rasa ƙarfi, waɗanda suka kai nauyin kuma tsadarsu ta fi ƙarfin mai ɓarin harsashi ɗari biyu a yini. Mai ɗurin nan ya ce ko dai a sauko da turakun zuwa tsakiyar gangare, ko kuma masu karnuka su ƙaru.

A hanyarmu ta komawa Taunton Baba ya gayyace ni in dawo ƙarshen Janairu. A kwanakin ƙarshe na kakar farauta ana ware rana ɗaya ta 'yan kora, su su riƙe bindiga, yawanci zakaru kawai ake harbi don a bar matan. Na tambaye shi ko a wancan kwarin mai zurfi suke tsayawa. Ya ce a'a, can na baƙi ne. Su a gangaren bayan rumbu suke yi, inda tsuntsu ke wucewa daidai kan itatuwa, don harsashin da kuɗin aljihunsu suke saye, kuma duk abin da aka harbo a ranar gidajensu ake kai shi.